HANNUN DA YA ƊAGA YARON: WA'AZIN RANAR MARASA LAFIYA TA DUNIYA



Kowace shekara, ranar 11 ga watan Fabrairu, watau ranar idin Uwarmu Maryamu ta Lurdes, Ikilisiya a ko'ina cikin duniya takan kiyaye Ranar Marasa Lafiya. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ne ya kafa ta a shekarar 1992, aka fara kiyaye ta a 1993. A wannan rana mun saba tunawa da waɗanda ke kwance a asibiti, da tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare. Bana kuwa muna so mu juyo da hankalinmu ga waɗansu marasa lafiya waɗanda sunayensu ke cikin littafin baftisma na kowace faris, amma da wuya a gan su a kan benci ranar Lahadi. Su ne yara da matasa masu ciwon da ya shafi ƙwaƙwalwa, ko laka, ko jijiyoyi: masu farfaɗiya, da waɗanda gaɓoɓinsu suka shanye tun haihuwa, da waɗanda sanƙarau ya bari da kurumta, da waɗanda shan inna ya karya. Tare da su kuma akwai masu jinyarsu, waɗanda ba su da ranar hutu. Abin da muke so mu faɗa guda ɗaya ne: jinyar waɗannan 'ya'ya aikin dukan jama'ar Allah ce, kuma addu'a da magani abokan tafiya ne a cikinta.

YARON DA AKA KAWO A GINDIN DUTSE

Bisharar Markus, babi na 9, ta ba mu labarin abin da Ubangiji ya tarar sa'ad da ya sauko daga dutsen da kamanninsa suka sāke. Ya sami taro ana ta gardama, a tsakiya kuwa ga wani uba da ɗansa. Yaron yakan faɗi ƙasa ba zato, ya sandare, yana cizon haƙora, kumfa na fita daga bakinsa, sau da yawa ma ya faɗa wuta ko ruwa. Duk uwar da ke da ɗa mai farfaɗiya, in ta ji wannan karatu, ta san abin da ake nufi tun kafin mai wa'azi ya buɗe baki.

Mu lura da abin da Yesu ya yi. Malaman Attaura suna muhawara a kan yaron, taro suna kallonsa, Yesu kaɗai ne ya sa aka matso da shi kusa. Ya tambayi uban tun yaushe abin ya fara, kamar yadda kowane likita ko nas na ƙwarai yakan fara da sauraron iyaye. Uban ya bayyana cewa bangaskiyarsa tana nan amma ta raunana, Ubangiji kuwa bai tsauta masa saboda wannan ba, gama ya san abin da shekaru na rashin barci ke yi wa zuciyar mutum. Da yaron ya kwanta kamar matacce, jama'a suka yanke ƙauna, sai ya kama hannunsa ya ɗaga shi. Luka ya ƙara da cewa ya mai da shi ga mahaifinsa. Ya matso da shi, ya saurara, ya taɓa, ya mayar wa iyali. Duk wanda yake so ya san mene ne jinya irin ta Kirista, ga ta nan a jere.

Wani zai ce, ai Bishara ta ambaci baƙin aljan a wannan labari. Gaskiya ne, kuma mun gaskata Kristi yana da iko bisa kowane mugun ruhu. Amma Ikilisiya ba ta taɓa umartarmu mu ɗauki kowane yaron da ya faɗi a matsayin mai aljan ba. Dokar Ikilisiya, sashe na 1172, ta hana kowa yin addu'ar fitar da aljanu bisa wani mutum sai firist wanda Bishop ya ba shi izini na musamman. Littafin wannan hidima da aka sabunta a 1999 ya gargaɗi firist ɗin kada ya yi saurin gaskata cewa aljan ne, ya bambanta shi da ciwo, ya nemi shawarar masana lafiya in da bukata. In haka Uwarmu Ikilisiya take taka-tsantsan, da wane iko wani zai ɗaure yaro da igiya, ya hana shi abinci kwana uku, ya zane shi da bulala da sunan kuɓutarwa? Wannan zalunci ne, ko da an yi shi ana kiran sunan Yesu.

Haka kuma zancen laifin wa. A Yohanna babi na 9, almajirai sun so su san ko zunubin makahon ne ko na iyayensa ya jawo masa makanta, Ubangiji kuwa ya kawar da zargin daga kansu duka. Saboda haka wanda ya ce uwa ta yi wanka da dare a rafi shi ya sa ta haifi ɗan ruwa, ko ya nuna wata tsohuwa da yatsa ya ce mayya ce ta kama yaron, ya saɓa wa Bishara. Littafin Sirak, babi na 38, ya koya mana mu girmama likita, domin Allah ne ya ba shi gwaninta, shi ne kuma ya fitar da magunguna daga ƙasa. A wuri guda ya ce wa marar lafiya ya yi addu'a, ya kuma ba likita wurinsa.

ABIN DA ALLAH YA BUƊE WA MASANA

Ƙwaƙwalwa tana aika saƙonni zuwa gaɓoɓi da wani abu mai kama da wutar lantarki. In waɗannan saƙonni suka rikice suka ɓarke a lokaci ɗaya, sai mutum ya faɗi yana jijjiga. Wanda hakan ke maimaituwa gare shi, shi ne mai farfaɗiya. Abin da kan jawo ta ya haɗa da wahalar haihuwa, buguwa a kai, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, wani lokaci kuma gado. A wurin mutane da yawa ma ba a gano dalili. Ba a ɗaukarta ta miyau, ko kumfa, ko numfashi, ko cin abinci a kwano ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 50 ke da ita a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya zama ba faɗuwa in an gano ciwon daidai, aka ba su maganin da ya dace. Ɗaya daga cikin magungunan, fenobabiton, ana amfani da shi tun 1912, yana kuma cikin masu araha. Ashe yara da yawa da ke faɗuwa a ƙauyukanmu, rashin sani da kunya ne suka tsare su daga magani.

Dattawanmu ba su manta da shekarar 1996 ba, lokacin da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, yawancinsu a Arewa. An ƙirga matattu, amma waɗanda suka tashi da kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin tunani, suna nan tare da mu, yanzu sun zama magidanta. Kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka tsira daga irin wannan sanƙarau yakan tashi da wata naƙasa mai ɗorewa. Mun gode wa Allah da allurar riga-kafin da ta iso ƙasarmu a 2011, da sabuwa mai kare iri biyar na ƙwayar cutar, wadda Nijeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da ita a 2024. Haka nan a watan Agusta na 2020 aka tabbatar cewa asalin ƙwayar shan inna ta daina yawo a Afirka. Duk da haka riga-kafi bai ƙare ba, kada uwa ta ɓoye ɗanta in masu ɗiga magani sun zo.

Yaron da ya kai shekara bai riƙe wuya ba, ko gaɓoɓinsa suka ƙage, ko suka saki, yawanci ƙwaƙwalwarsa ce ta sami rauni a ciki, ko wajen haihuwa, ko jim kaɗan bayanta. Doguwar naƙuda a gida tana hana jariri iska. Shawara mai tsanani a makon farko tana lalata ƙwaƙwalwa: in idon jariri ko fatarsa ta yi rawaya, a kai shi asibiti ran nan, inda akwai fitila ta musamman da ake sa shi a ƙarƙashinta, shanya shi a hantsi bai isa ba. A kuma raba kayan jariri da ƙwallayen kafur da ake sa wa cikin akwati, gama suna tsinka jinin waɗansu jarirai. Maigidan da ya hana matarsa zuwa awon ciki, ko ya yi ta jinkirin neman mota tana kan gwiwa, ya tuna zai ba da lissafi a gaban Allah.

SA'AD DA YARO YA FAƊI A GABANMU

Abin da kan faru a coci, ko a makaranta, ko a kasuwa, mun san shi: jama'a su watse, wasu su tofa miyau, wasu su taru su danne yaron. Kowane mai bi ya kamata ya riƙe waɗannan abubuwa kamar yadda ya riƙe katikisim. A janye shi daga wuta, da ruwa, da duk abin da zai ji masa ciwo. A sa zane ko wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a sassauta wuyan rigarsa. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko tsinke ko yatsa a baki, domin ba zai haɗiye harshensa ba, cokalin ne zai karya masa haƙora. Kada a ɗura masa ruwa, ko manja, ko jiƙo, gama zai shaƙe su zuwa huhu. Kada a kara ƙafarsa a wuta, kada a matsa masa albasa ko barkono a ido. A kwantar da shi ta gefe domin miyau ya zuba, a duba agogo, a zauna da shi har ya farfaɗo, a rufe shi da zane in ya yi fitsari, domin a tsare masa mutunci.

Yawanci jijjigar kan tsaya da kanta cikin minti biyu ko uku. In ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko wannan ne karo na farko, ko akwai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko ya ji rauni, ko mace mai ciki ce, sai asibiti nan da nan. Mai so ya yi addu'a ya yi, amma ya yi ta yana durƙushe kusa da yaron, hannunsa na aiki.

JINYAR YAU DA GOBE

Babban aikin yana cikin gida, inda ba mai gani sai Allah. Maganin farfaɗiya kullum ake shansa, a kan lokaci, ko yaro ya yi watanni bai faɗi ba. Tsai da shi farat ɗaya yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, har ta kai ga mutuwa. Likita ne kaɗai zai rage shi, sannu a hankali, galibi bayan an yi shekara biyu ko fiye ba faɗuwa. Duk wanda ya ce muku ku zubar da ƙwayoyin domin ku nuna bangaskiya, ku guje shi, gama yana sa ku gwada Ubangiji Allahnku da ran ɗanku. A riƙa rubuta ranar kowace faɗuwa a ƙaramin littafi, a tafi da shi ranar ganin likita. A kewaye murhu, a rufe rijiya, kada a bar yaron ya je rafi ko ya hau itace shi kaɗai, a bar shi ya sami isasshen barci cikin gidan sauro.

Yaron da gaɓoɓinsa suka shanye, a zaunar da shi a miƙe lokacin cin abinci, kansa ya ɗan sunkuya gaba, a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali. Kunu mai kauri da fate mai laushi sun fi masa sauƙin haɗiya bisa abu mai ruwa-ruwa. Ɗura yana kwance rigingine ita ce ke kawo shaƙewa da ciwon huhu. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi kamar kowane awa biyu, a riƙa duba ƙugu da ɗuwawu da diddige, a tsare shimfiɗarsa a bushe, domin gyambon kwanciya ya fi sauƙin hanawa bisa warkarwa. Masu gashin ƙashi a asibiti za su koya wa iyaye yadda ake miƙar da hannuwa da ƙafafu kowace rana don kada su ƙage. Kafinta na ƙauye ma zai iya haɗa kujera mai tallafe baya. A fito da shi tsakar gida, a kira sunansa, a yi masa magana da waƙa, gama da yawa cikinsu suna fahimtar abin da bakinsu ya kasa faɗa.

Waɗannan yara suna girma, bukatunsu kuma suna sākewa. Budurwar da ba ta iya kare kanta tana bukatar tsaro daga miyagu, na waje da na cikin gida. Saurayi yana bukatar makaranta da sana'a. Mai farfaɗiya yana iya karatu, da aiki, da aure, da haihuwa. Sai dai yarinyar da ta isa aure ta tattauna da likita tun kafin ciki, domin waɗansu magungunan, musamman balfuret, suna iya cutar da ɗan tayi. In abin ya fi ƙarfin asibitin kusa, a nemi takardar turawa zuwa asibitocin koyarwa irin na Shika a Zariya, da na Malam Aminu Kano, da na Jos, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna.

WA KE JINYAR MAI JINYA?

A yawancin gidaje mutum ɗaya ce ke ɗauke da wannan kaya. Tana goya yaro ɗan shekara 10 a bayan da ya riga ya gaji. Ta bar kasuwa, ta bar gona, ta bar taron Zumuntar Mata. Wani lokaci miji ya ce ba a haifar irin wannan a danginsu, ya juya mata baya. Ku maza, alkawarin da kuka ɗauka a gaban bagade ya haɗa da lokacin ciwo, ya kuma haɗa da kowane ɗa da Allah ya bayar. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Markus babi na 2, mutum huɗu ne suka ɗauko shanyayye, suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi gaban Yesu, kuma bangaskiyarsu ce Ubangiji ya duba. In an bar uwa ita kaɗai da kusurwa huɗu na tabarma, ina sauran ukun? Mu ne.

Ku kuma nas-nas, da ungozomai, da Sistoci, da duk ma'aikatan asibiti, Ikilisiya tana gode muku. Waliyyi Kamilus, wanda ya rasu a 1614, ya koya wa 'yan ƙungiyarsa su kula da majinyaci kamar yadda uwa ke kula da ɗanta tilo. A 1930 Paparoma Piyus na Goma Sha Ɗaya ya ba ku shi da Waliyyi Yohanna na Allah su zama masu yi muku roƙo. Mun san albashi kaɗan ne, majinyata kuwa da yawa. Duk da haka muna roƙonku, matar da ta iso a makare bayan ta zaga gidajen magani, kada ku tarye ta da faɗa. Ku bayyana mata cikin harshen da take ji, gama tsawa ɗaya tana iya hana ta dawowa har abada.

WURINSU A TEBURIN SARKI

Littafin Sama'ila na Biyu ya ba da labarin Mefiboshet ɗan Yonatan, wanda ya faɗi daga hannun mai renonsa yana ɗan shekara 5, ya gurgunce. Ya girma a ɓoye, nesa da fāda, har Sarki Dauda ya aika aka nemo shi, ya ba shi wurin zama a teburinsa kamar ɗaya daga cikin 'ya'yan sarki. Dauda bai jira ya zo da kansa ba. Teburin Sarkinmu shi ne bagade. Waɗannan 'ya'ya suna da hakkin baftisma, da tabbatarwa, da shafewar marasa lafiya, wadda ba ta masu bakin mutuwa kaɗai ba ce. Game da Jibin Ubangiji, abin da ake nema shi ne yaro ya iya bambanta Jikin Kristi da abinci na kullum, ko da ta alama ce ko ta natsuwa zai nuna. Kada katikis ya kore shi don ya kasa haddace amsoshi. Ya kawo maganar ga Fada. In ya yi ƙara a lokacin Mas, kada a harari uwarsa har ta fita.

Paparoma Piyus na Tara ya yi fama da farfaɗiya a ƙuruciyarsa, har ta kusa hana shi zama firist, amma ya jagoranci Ikilisiya daga 1846 zuwa 1878. Margaret ta Kastelo a ƙasar Italiya an haife ta makauniya, da karkataccen baya. Iyayenta suka ɓoye ta don kunya, daga baya suka yashe ta a wani gari, matalauta suka riƙe ta gida-gida. A 2021 Paparoma Faransis ya sa ta cikin waliyyai. Ba wanda ya san abin da Allah ya ajiye cikin yaron da muka kulle a ɗaki.

Saboda haka muna roƙon kowace faris da kowace cocin ƙauye ta yi waɗannan abubuwa kafin Ista. Katikis da shugabannin unguwanni su bi gida-gida su san inda waɗannan yara suke, cikin ladabi da riƙon asiri. Zumuntar Mata ta tsara masu karɓar uwa na awa biyu ko uku a mako, domin ta je kasuwa, ko Mas, ko ta yi barci kawai. Zumuntar Maza da Ƙungiyar Waliyyi Binsent su ware wani abu domin kuɗin magani da na mota, kada maganin wani yaro ya yanke. Matasa su gyara ƙofar coci yadda keken guragu zai shiga. Dokar ƙasa da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019 ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci, bai kuwa kamata doka ta riga ƙauna isa ƙofarmu ba. A gayyaci nas ta koya wa jama'a da malaman makaranta abin yi in yaro ya faɗi. In kuma maƙwabcin da ke da irin wannan ɗa Musulmi ne ko mai bin addinin gargajiya, taimakon ya kai gare shi daidai da kowa, gama ciwo ba ya tambayar addini.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji Yesu, kai da ka kama hannun yaron da kowa ya ɗauka ya mutu, ka dubi 'ya'yanmu masu shan wahala a jiki da ƙwaƙwalwa. Ka ƙarfafa iyayensu mata da maza, ka ba likitoci da nas-nas hikima da haƙuri, ka cire tsoro da ƙyama daga zukatanmu, ka mai da hannuwanmu su zama naka. Maryamu, Uwarmu ta Lurdes, lafiyar marasa lafiya, ki yi roƙo dominmu. Amin.